Digiri Ɗari

Lambar da ke nuna zafi a kusurwar allon kwamfutar ta tsallake tamanin ko waiwaye ba ta yi ba, Dogo kuwa bai daina surutu ba. Ya kafa wayarsa a kan kanta tana ɗaukarsa kai tsaye, wasu na kallo daga gidajensu, wasu sun cika ƙofar shagon har sun tare iska. Abin da ya tara su ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannun jariri ba: sabon firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda bai daɗe da fitowa ba. Yayan matarsa ne ya yi odar kwali guda, ya kawo wa Dogo ɗaya ya gwada a idon jama'a, don masu jira su gani su saya.

Gyaran kwamfuta Dogo yake yi, amma abin da ya yi masa suna shi ne matsa wa firosesa. Sai ya ƙara masa gudu fiye da yadda kamfani ya yanka masa, ya ɗan ƙara wuta, sannan ya sakar masa manhajar da ke jibga masa lissafi ba hutu, a ga ko zai jure ko zai durƙushe. In Dogo ya ce kaya ya yi, to ya yi. In ya taɓe baki, mai kayan ya shiga uku. Shi ma ya san haka, kuma ba ya ɓoye cewa abin na yi masa daɗi.

Lambar ta kai casa'in. Fankar da ke kan ƙarfen da ke sanyaya firosesan ta fara kuka kamar injin markaɗe. Dogo ya yi shiru a tsakiyar magana, abin da maƙwabtansa ba su taɓa gani ba. Ɗari. Allon ya yi baƙi ƙirin.

Dogo ya duƙa kan kwamfutar. Ya sake kunnawa, ya mayar da komai yadda kamfani ya saita, ya cire duk ƙarin da ya yi, ya sake sakin gwajin. Ba a je ko'ina ba zafin ya sake hayewa. Ya taɓa ƙarfen sanyayar da bayan yatsa ya ji babu zafi, alhali allo na cewa ciki na tafasa, sai hakan ya ƙara ɗaure masa kai. Mai sayar da caja na shagon gefe ya leƙo ya tambaya ko a kawo ƙwai a soya, aka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ta tunzura Dogo, don a ganinsa da shi ake yi.

Ya juya ya fuskanci wayar. "Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Wannan ba firosesa ba ne, murhu ne. Ko ubana ne ya kawo shi, ba zan ce ku saya ba."

Magana zarar bunu ce. Kafin la'asar bidiyon ya karaɗe wayoyin gari, har da waɗanda ba su san inda ake kunna kwamfuta ba. Matarsa ta kira, ta ce masu jiran kayan Yaya duk sun janye, wasu har suna cewa dama jabu yake shigowa da shi. Ta tambaye shi ko ba zai iya jan Yaya gefe ya faɗa masa ba, sai a gaban duniya. Dogo ya ce gaskiya ba ta da suruki, ya kashe wayar, ya ji kansa kamar wani jarumi.

Da shagon ya yi sarari sai ya ɗauko sukundireba don ya ciro firosesan ya mayar wa mai shi. Ya kwance kusoshin, ya murɗa ƙarfen sanyayar a hankali ya ɗaga, ya juya gindinsa don ya goge man da ake shafawa tsakani. Tsumman ya zame a kan wani abu mai santsi. Ya sa farce a gefe, abin ya ɗago.

Leda ce, siririya, garau kamar ruwa, wadda kamfani ke mannawa a gindin sabon ƙarfe don kada ya karce. Ga jan rubutu ɓaro-ɓaro a jikinta cewa a ɓare kafin a ɗora. Da safe, yana ɗaura ƙarfen yana ba masu kallo labari, bakinsa ya riga hannunsa. Ledar ce ta shiga tsakani ta hana zafi fita. Firosesan bai yi laifin komai ba.

Dogo ya zauna a kan kwali. Kuskure ne da ko ɗan koyo ya yi sai an yi mako ana yi masa tsiya. Ya ɓare ledar, ya shafa sabon mai, ya mayar da ƙarfen. Ya matsa wa firosesan fiye da na safe. Lambar ta hau sittin da 'yan kai ta yi zamanta, fankar na juyawa shiru abinta. Bai taɓa ganin kaya mai kyau irin wannan ba, kuma bai taɓa jin baƙin cikin ganin kaya mai kyau ba sai ranar.

Yana cikin haka ya ji sallamar Yaya. Da sauri ya kashe allon, ya dunƙule ledar a hannu. Ya shirya wa zagi, sai ga mutumin ya shigo a sanyaye, idanunsa sun yi ja. Ya ce da farko ransa ya ɓaci, amma da ya yi tunani sai ya ga Dogo rufa masa asiri ya yi, don da ya sayar wa mutane wuta da hannunsa, da ina zai sa kansa? Ya ce har ya kira wanda ke turo masa kaya shekara da shekaru, ya wanke shi tas, ya ce kada ya ƙara nemansa.

"Na gode," in ji Yaya. "A garin nan kai kaɗai ne ba ka jin kunyata in dai kan gaskiya ne."

Ledar ta jiƙe da gumi a tafin hannun Dogo. Babu wanda ya gan ta. Kwandon shara na nan gefen ƙafarsa, in ya saki yatsunsa kawai shi ke nan, sunansa na nan daram.

"Yaya, kafin ka ƙara gode mini, karanta wannan," in ji Dogo.

Yaya ya karɓa, ya warware ta, ya ɗaga ta wajen haske. Leɓensa na motsi yana bin jan rubutun. Dogo ya kunna allon ya nuna masa lambar, ya yi bayani cikin 'yan kalmomi, kansa a ƙasa. Yaya ya dubi ledar, ya dubi surukinsa, ya sake duban ledar.

"Waye ya sani?"

"Daga ni sai Allah."

Yaya ya ja dogon numfashi. Ya miƙa masa ledar, ya ɗauki wayar Dogo daga kan kanta, ya goge gilashin kyamararta da bakin rigarsa.

"Gyara tsayuwarka," in ji shi. "Ni zan riƙe maka."