Inda Baba Yake Tsayawa

A zangonta na ƙarshe a jami'a, a sashen koyon rubuta ƙagaggun labarai, Auta ta ɗauki wani sabon darasi a kan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin nan da ake ɗura wa rubutu su haɗiye, sannan su rubuto wani irinsa. Malamarsu, wadda ɗalibai ke kira Dakta, ba ta cika yabon manhajar ba, ba ta kuma kushe ta. Aikin da ta ba su shi ne kowa ya tattaro maganganun mutum guda, ya ba manhajar, ya sa ta rubuta labari da bakin mutumin, sannan ya zo ya faɗi inda ta dace da inda ta kauce.

"Kuma kada wanda ya kawo mini saƙonnin budurwarsa," in ji Dakta. "Na san halinku."

Aji ya kwashe da dariya, ban da Auta. Ita tuni hankalinta ya koma gida.

Mahaifinta kafinta ne, mutum mai bakin labari. A shagonsa, cikin ƙurar katako, da guntun fensir a bayan kunne, yakan riƙe masu sayayya da hira har su manta kujerar da suka zo karɓa. Bara hawan jini ya kayar da shi a gindin teburin aikinsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, kalmomi biyu kawai suka rage masa: "to" da "a'a". Mama takan ce dama su ya fi amfani da su a gida, sai ta juya baya ta share ido.

Tun kafin ciwon, Auta ta sha ɗaukar hirarrakinsa a waya. Ta zauna ta mayar da su rubutu kaf, ta ba manhajar. A cikinsu akwai labari ɗaya da Baba bai taɓa kaiwa ƙarshe ba. Yana ƙarami ya bi yayarsa, wadda su Auta ke kira Goggo, bakin kogi, ya taka dutse mai santsi, ruwa ya ja shi. "Sai na ga sama ta koma kore, kin gane ko?" Nan yake tsayawa kullum. Sai ya ɗauki zarto, ya ce a miƙo masa katakon can, shi ke nan.

Auta ta ce wa manhajar ta ƙarasa. Kafin ta gyara zama, ga labari ya cika allon kwamfutar: yaron ya cafki saiwar bishiya, ya ja jiki ya fito, ya koma gida a jiƙe ya sha faɗa. Har da "kin gane ko?" a daidai inda Baba zai sa shi.

Da safe, bayan Mama ta yi masa wanka ta zaunar da shi kusa da taga, Auta ta jawo kujera ta fara karantawa. Da farko idonsa ya yi haske, gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga. Tana kaiwa wurin saiwar bishiya sai fuskarsa ta canza.

"A'a."

Ta ci gaba, tana zaton bai ji da kyau ba.

"A'a! A'a!" Ya daki hannun kujera da hagunsa har kofin magani ya faɗi ya tarwatse.

Mama ta shigo da gudu. Da ta ji abin da ya faru, ta dubi Auta sama da ƙasa. "Ke wace irin yarinya ce? Mutum yana zaune da ransa, kin sa na'ura ta ari bakinsa?"

Auta ta tafi ofishin Dakta da niyyar sauya aiki. Dakta ta saurare ta har ta gama, sannan ta tambaya, "Yaushe rabon da ya nace a kan wani abu haka?"

"Tun da ya kwanta, bai taɓa ba."

"To, akwai abin da yake so a gyara. Amma ki ji ni da kyau: idan ya nuna ba ya so, ki rufe maganar. Zan ba ki wani aikin. Babu makin da ya kai lafiyar mahaifinki."

Auta ta ajiye kwamfutar a kan kabad, ba ta sake tayar da zancen ba. Shi ne da kansa, bayan 'yan kwanaki, ya ɗaga hannu ya nuna kwamfutar, ya ƙi saukewa har sai da aka sauko da ita. Mama ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ba ta dai hana ba.

Auta ta sa manhajar ta kawo wasu hanyoyin da yaro zai iya tsira daga ruwa. Ta kawo masunci da kwalekwalensa, ta kawo igiya, ta kawo kare mai iyo. Duk wanda aka karanta, Baba ya ce a'a. A kan karen har ya yi wani ɗan sauti mai kama da dariya. Idan ya gaji su bari sai gobe. Da manhajar ta fara maimaita kanta, Auta ta rufe kwamfutar, ta matso ta riƙe hannunsa.

"Baba, mutum ne ya fitar da kai?"

"To."

"Namiji?"

"A'a."

"Goggo ce?"

"A'a."

Ya zare hannunsa, ya damƙi gefen rigarsa yana murza shi a kan cinyarsa, yana sake murzawa. Auta ta kasa ganewa. Mama ce ta yi magana daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa-ƙasa: "Wanki. Wanki take yi."

"To," in ji Baba.

"Ta shiga ruwan ta turo ka waje?"

"To."

"Ka san sunanta?"

"A'a."

"Ita ma ta fito?"

Ya juya ya kalli taga. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi.

"A'a."

Mama ta sulale ta zauna a ƙasa. Duk zamansu na aure, ba ta taɓa jin wannan ba.

Auta ta miƙa aikinta shafi biyu. Ɗaya na manhajar, sumul, babu inda zance ya yi tuntuɓe. Ɗayan tambayoyinta ne da amsoshin Baba kamar yadda suka zo. Da Dakta ta ce ta karanta a gaban aji, ta karanta na farkon lafiya, a na biyun muryarta ta sarƙe, sai wata ƙawarta ta karɓa ta ƙarasa.

Bayan an yi hutu Goggo ta zo dubiya, tana dogara sanda. Auta ta karanta mata shafi na biyun a gaban Baba.

"Baƙuwa ce," in ji tsohuwar. "Matafiya ne suka sauka a kusa. Iyayenmu sun hana mu zancen, wai kada abin ya zauna masa a rai." Ta dubi ƙanenta. "Akwai abin da ko kai ba ka gani ba, kana cikin ruwa. Da goyo a bayanta. Ta kwance ta dangwara mini a hannu, ta ce, 'Riƙe mini,' ta faɗa ruwan."

Baba ya zuba mata ido, numfashinsa yana fita da ƙarfi.

"'Ya mace ce," in ji Goggo. "Ko kuka ba ta yi ba, barcinta take. Mutane suna ta ihu a bakin kogi, ni kuwa ina tsaye wuri ɗaya, ina tsoron in motsa ta farka. Haka na riƙe ta har hannuwana suka sage, kafin mutanensu suka zo suka karɓe ta."