Ofishin Cikin Sito

Maman Biyu ta ja ƙofar siton kicin ta rufe, ta zauna a kan buhun shinkafa, ta maƙala abin sauraro a kunne. Tun da annoba ta kulle gari, nan ne ofishinta. Aikinta amsa wayar kwastomomin wani kamfanin kayan lantarki, kamfanin kuma yana naɗar kowane kira. An riga an ja mata kunne: in aka sake jin kukan yaro a layi, ta nemi wani aikin. Sai ka ce ita ta rufe makarantun reno.

Ɗaki ɗaya ne mai shiru a gidan, shi ma Baban Biyu ya mamaye shi da kwamfutarsa, wai nasa aikin taro ne ta bidiyo, nata kuwa "ai waya ce kawai".

Da safe sai da ta roƙe shi. "Don Allah ka riƙe yaran nan zuwa azahar. Yau shugabarmu, Madam, da kanta ke sauraron kiranmu."

"Ba damuwa," in ji shi, idonsa na kan allo. Ta san irin wannan ba damuwar tasa, wadda ba ta taɓa goya yaro ba.

Tana cikin lallashin wani dattijo da firjinsa ya daina sanyi, sai ga bugu a ƙofar siton. Tagwayen ne, suna kokawa a kan takalmi ƙafa ɗaya. Kafin ta toshe bakin wayar, sun ɓare baki a tare.

"Baiwar Allah," in ji dattijon, "kamfani na kira ko asibitin yara?"

Ta ba shi haƙuri har bakinta ya bushe. Tana ajiye wayar ta fito a fusace, ta saɓi yaro a kowace kafaɗa, ta banka ɗakin, ta dire su a cinyar ubansu a gaban kyamara. Yau dai shi ma ya ɗanɗana kunyar.

Sai ta ji dariya ta ɓarke a kwamfutar.

"Masha Allah!" Muryar ogansa ce. "Kun ga uba nagari! Ga aiki, ga reno. Ku yi koyi da shi."

Ta juya ta fice. Ba ta kai kicin ba wayarta ta yi ƙara.

"Ni ma uwa ce, kin sani," in ji Madam, da muryar ta'aziyya. "Amma na ji da kunnena. Ki huta tukuna, in abubuwa suka daidaita za mu neme ki."

Haka aka faɗa wa sauran masu yara a sashen, har yau kuma ba a nemi ko ɗaya ba.

Da azahar Baban Biyu ya fito, yaran na maƙale da wuyansa, baki har kunne.

"Kin ji Oga kuwa? Wai hotona da su za a sa a mujallar kamfani!"

"An sallame ni," ta ce.

Ya yi turus. "Subhanallahi! A kan me?"

Ta nuna masa yaran da haɓa.

Ya sosa ƙeya. "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Dama suna bukatarki." Ya dubi agogo, ya ɓamɓare su daga wuyansa ya miƙo mata. "Ungo su. Taron da zan shiga yanzu ba na wasa ba ne."