Fatar Wanda Ya Fara Gani

A ƙauyen su Justus, can gabashin Girinlan, farin beyar, ƙaton naman dajin nan na ƙasar ƙanƙara, ba na wanda ya harbe shi ba ne. Fatar ta wanda ya fara hango shi ya yi kururuwa ce, ko da tsohuwa ce ta fito zubar da ruwan wanke-wanke. Maharbi ya sha wahalarsa, nama zai samu.

Sana'ar da ta rage wa Justus ke nan tun da gwiwa ta ƙi shi ya rabar da karnukansa. Kullum yana gaban taga, yana goge raɓar numfashinsa da hannun riga. Fata ɗaya za ta cika masa tankin kananzir har teku ta narke. In babu, 'yarsa Naja ta riga ta yanke hukunci: jirgi zai zo ya kai shi gidan tsofaffi a birni, inda ake dafa kifi har ya manta daga ruwa ya fito.

Maƙwabciyarsa Bolete ta leƙo da busasshen kifi a hannu.

"Mai gadin teku, yau me aka kama?"

"Ke na kama, kina tare mini haske."

"Da wannan idon naka? Jiya fa ganga ka gaisar."

"Ta fi ki iya amsawa."

Ta ajiye kifin ta fita tana dariya.

Lokacin hunturu ne, rana ta yi makonni ba ta fito ba. Da tsakar yini sai wani shuɗin haske ya kwanta kan daskararriyar teku, sama da ƙasa su haɗe, dutsen ƙanƙara ya yi kamar yana rataye a iska. Cikin wannan haske ya ga wani farin abu yana tahowa a hankali, yana rangaji, ya tsaya, ya ɗaga kai ya shaƙi iska.

Haka marigayiya matarsa Ebba take tafiya cikin farar rigarta ta fata idan ta dawo daga ramin kamun kifi da aka fasa a ƙanƙara. Ba ta taɓa sauri don kowa ba. Ko ranar da za ta mutu sai da ta sa shi jira.

Tsohon maharbin da ke cikinsa ya ce, beyar ne, buɗe baki. Ya ji shi sarai. Amma yana buɗe baki bindigogi za su fito. Ya manna goshi a gilashi. Ebba ta ratsa gefen kwale-kwalen da aka kife, ta juyo ta dubi gidan, irin duban da take yi idan ya bar ƙofa a buɗe. Ɗakin ya yi ɗumi, har ya ji ƙamshin shayi, alhali butar tun safe take a sanyaye.

"Beyar! Beyar! Ni na gani!"

Muryar Bolete ce. Karnuka suka ɗauka, maza suka fito da gudu. Justus ya rufe ido kafin ƙarar bindiga.

Da aka gama fiɗa Bolete ta kawo masa rabonsa na nama a roba, ta tsaya tana kallonsa.

"Tsoho, ta gaban tagarka fa ya bi. Ba ka gani ba?"

"Na gani."

"To wa ya ɗinke maka baki?"

"Ba ta gama wucewa ba."

Ya nuna wa Bolete saman kabad da haɓa.

"Sauko mini da akwatin can. Kuma ki kira Naja, ki ce ta turo jirginta."