Kwalbar da Sanyi Ya Kama

Shekara ashirin da uku ina riƙe da mabuɗin ɗakin ajiyar sinadarai na sashenmu a jami'a, kuma duk bazara sai na rubuta takardar roƙon a sa mana na'urar sanyaya ɗaki. Ranar Alhamis aka sa. Na ƙure mata sanyi, na kulle, na tafi hutun ƙarshen mako bakina har kunne.

Litinin da safe ɗalibar da muke tsokana da Dakta-gobe ta shigo. Ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa. Mako uku ya rage wa'adin karatunta ya cika, gwaji ɗaya ya rage mata: haɗa sinadarin sabulun wanki da salfa tirayoksaid.

"Inna, a ba ni mutumin," in ji ta.

Mutumin, wato salfa tirayoksaid ɗin, ba ya wasa. In ya ji danshin iska sai ya yi ta fitar da farin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. In ya ɗiga a auduga, gawayi ta zama. In ya haɗu da ruwa kuwa, tafasa yake yana fantsama asid. Sanyi ma ba ya so, shi ya sa ake ajiye shi a wuri mai ɗumi, yana ruwa-ruwa.

Na sa safar hannu da gilashin fuska, na buɗe kabad. Cikin kwalbar ya daskare, ya zama fararen zaruruwa kamar furfura.

Ta leƙo ta kafaɗata.

"Mu tsoma a ruwan ɗumi, Inna. A hankali. Zai narke."

"Ba zan ba ki ba."

"Don Allah. Ni zan riƙe, ke ki tsaya a waje."

"'Yar nan, in ya daskare haka, ba narkewa kawai yake ba. Yana iya tara ƙarfi ya fasa kwalbar. Ga ruwa a ƙasa, ga fuskarki a sama. Ni zan kai ki gida a haka?"

"Sabuwar kwalba wata huɗu take yi kafin ta iso."

"Na sani."

Ta zauna a kan kujerar ƙarfe, ta cire takalmi ɗaya. Ba ta yi kuka ba, gajiyar ta wuce nan. Ni kuwa kunya ta rufe ni.

"Waye ya bar shi a wannan sanyin?" ta tambaya. "In masu sa na'urar ne, shugaban sashe zai ce ba ruwansa. Ba za a ƙara min ko kwana ɗaya ba."

Gaskiyarta. Ba a ƙara wa'adi sai in laifin na ma'aikacin sashe ne, a rubuce, da sa hannu. Ni kuma wata takwas ya rage in yi ritaya, fayil ɗina fes.

Na jawo takarda, na zare biro daga aljihun rigarta.

"Ni ce," na ce. "Faɗa min cikakken sunanki, kada in yi kuskure a nan ma."