Manuniyar Alhaji Nata'ala

"A hankali, Baba Malam," in ji Barakatu. "Bari idonsa ya bi hannunka."

Ina zaune bisa tabarma a zauren maƙwabcina Alhaji Nata'ala, nan 'Yargoje, gwiwata na gogar tasa, ina ɗaga manuniyata ta dama kamar yadda ake yi a zaman tahiya. Tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama ana tsakar girbin dawa, hannun nan bai sake motsi ba. Bai yi kukan gona ba, bai yi na shanu ba. Damuwarsa guda ce: kada ajali ya riske shi harshe ya ƙi, yatsa kuma ya kasa shaida kaɗaitar Ubangiji.

Na tunatar da shi cewa Allah zuciya Yake dubawa, kuma lalura ta ɗauke masa wannan.

"Na sani," ya ce da harshe mai nauyi. "Ni dai... ina so."

Barakatu, ɗiyarsa mai aikin jinya a Ƙanƙara, ita ta kawo shawarar. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi masu farkawa idan mutum ya yi wani motsi, su kuma farka idan ya ga wani yana yin sa. Kallo kan share wa aiki hanya, ko da yake ba kowa ke dacewa ba.

"Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara wannan," na ce. "To, mu fara."

Kullum bayan la'asar nakan zo. Ni in ɗaga, shi ya kafa ido, gumi na tsattsafo masa a goshi.

"Malam, yatsan nan naka... karkatacce ne," ya ce wata rana. "Kada in koyi karkata."

"Koyi dai, Alhaji. Ma miƙe shi daga baya."

Ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa, magana ta riga ta ɗauke. Na matso ina laƙƙana masa kalmar shahada, na ɗaga yatsana daidai idonsa, na ƙi saukewa. Ya daɗe yana kallo. Sai manuniyarsa ta dama ta rabu da bargo, tazarar ba ta fi kaurin ƙwayar masara ba, ta tsaya. Daga nan Allah Ya karɓi abinSa.

Na rufe masa ido, na juya in yi wa Barakatu ta'aziyya. Tana durƙushe a bakin ƙofa, idonta na kan hannun mahaifinta, tata manuniyar a miƙe bisa gwiwa, ba ta ma sani ba.