Ƙuri'ar Mama Odessa

Tun da Mama Odessa ta karye a ƙugu, ni ke kai mata ƙuri'arta. Takan cike a kan gado, ta liƙe ambulan, in jefa a akwatin ofishin zaɓe. Bana sai ranar ƙarshe ta ba ni, don sai da ta gama zage 'yan takarar tas kafin ta zaɓi ɗaya.

Twila ce ke gadin akwatin, wadda muke waƙa tare a coci. Tana ganin sunan da ke jikin ambulan ta sa hannu ta tare.

"'Yar'uwa Verlene, majalisar jiha ta canja doka. Yanzu sai dangi na jini, ko wanda suke gida ɗaya."

"To ai uwata ce."

"A takarda?"

Na ji kamar in shaƙe ta. Wadda ta haife ni ta miƙa ni ta kan shinge ina jaririya, ta tafi birnin Detroit neman aiki, ba ta sake waiwayowa ba. Mama Odessa ce ta karɓe ni. Kowa a garin nan ya sani, har Twila, da ta ci soyayyar kaza ta yi nak a gidan ranar aurena.

"Ki kai gidan waya mana," in ji ta.

"Yau? Ta iso jibi ku jefa a kwandon shara?"

"Verlene, ga kyamara can. Kika jefa, kotu ce, aikinki na asibiti ma ya tafi. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Na sani. Wanda ya rubuta bai taɓa ɗaga mara lafiya daga kan fo ba."

Na koma gidan Mama ina huci. Mama ta saurare ni har na gama.

"Ina budurwa wani Bature ya sa ni karanta tsarin mulki kafin ya yi min rajistar zaɓe," ta ce. "Na karanta tsaf, ya ce na faɗi jarrabawar. Ɗauko min hular coci."

"Mama, ƙugunki fa?"

"Ƙugunki ne?"

Na shimfiɗa katifa a bayan akori-kurata. Duk ramin da muka faɗa sai na ji nishinta, ni kuwa ina tsine wa majalisar nan ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar ofis na durƙusa na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Mutanen layi suka dare. Twila ta miƙe, ta rasa inda za ta sa idonta. Mama ta miƙa hannu ta kan kafaɗata, ta tura ambulan a akwati. Sannan ta gyara hularta, ta ɗaga kai ta dubi kyamara.

"Ku ɗauka da kyau," ta ce. "In kun gama kallo, ku gaya min 'yar wace ce wannan."