Fayil Ɗin Yahya Direba

"Shekara nawa ka ce?" Mai Shari'a Hafsatu Labaran ta tambaya, ta sauke tabarau.

"Sha ɗaya, ranki ya daɗe. Da azumin bana sha biyu."

Ziyarar gidan yari ce irin wadda Babbar Jojin jiha ke yi don sallamar waɗanda suka daɗe suna jiran shari'a. An kafa mata tebur a ƙarƙashin rumfa, 'yan jarida sun jeru a gefe. Mutumin da ke tsugune gabanta Yahya ne, direban bas daga Rigasa. An kama shi ne saboda 'yan fashi sun taɓa hawa motarsa. Tun daga ranar ko shaida ɗaya ba a kira ba.

"Haba! Me aka zauna ana jira?"

Zakariyya magatakarda ya ce, "Shawarar ofishin Antoni-Janar. Ba ta fito ba."

"Wane marar imani ne ya danne fayil shekara sha ɗaya? Karanto mini sunansa, kowa ya ji."

Zakariyya dai bai karanta ba. Ya buɗe shafin, ya tura mata a hankali.

Rubutunta ne, da koren biron da take ji da shi lokacin tana Antoni-Janar: a kawo mini bayan Sallah. Ta tuna makon sarai. A makon aka naɗa ta alƙaliya, aka yi walima a Doka, ta kwashe kayanta ta bar ofis. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

'Yan jarida na jira, sun miƙo wayoyi.

Ta rufe fayil ɗin. "Babu hujjar ci gaba da tsare shi. An sallame ka, Malam Yahya."

Bai yi murna nan take ba, sai da wani gandiroba ya taɓa kafaɗarsa. Ya miƙe, ya sake durƙusawa.

"Hajiya, Allah ya saka miki da Aljanna. Mahaifiyata ta rasu ina nan, matata ta yi wani auren. Shi kuwa wanda ya riƙe takardata, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

Addu'a ce, ita ake jira ta amsa. Zakariyya ya sunkuyar da kai.

"Amin," in ji Mai Shari'a. "Kira na gaba."